Sunan da Kachollom Ta Kira

Almu Yelwa ya shekara goma sha ɗaya a London, amma har yau in aka ce "Koci" a kan titi sai ya waiga. A unguwar Barking yake zaune da matarsa Anatu, wadda aikin jinya ya kawo ta ƙasar, shi kuma ya biyo ta. Aikinsa kula da wani ɗakin wasanni na ƙaramar hukuma: ya buɗe ƙofa da safe, ya ɗaura wa tsofaffi ragar badminton, ya goge ƙasa bayan 'yan makaranta sun watse. A can Mista Yelwa suke ce masa, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake yi kafin ya zo.

Abin da yake yi kuwa ba ƙarami ba ne. Shekara goma sha bakwai ya yi yana horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a wata jami'a a Arewa, tun lokacin da mutane ke ganin abin shirme ne. Ya roƙi ɗalibai su zo fili, ya lallashi iyaye, ya sayi ƙwallaye da albashinsa. Sau biyu ya ɗauko kofin gasar jami'o'i. Da ya zo London sai aka ce masa takardunsa ba sa aiki a nan, sai dai ya sake kwas tun daga tushe. Ya je. Wani matashi da bai kai ɗansa na fari ba ya tsaya yana nuna masa yadda ake jera 'yan wasa. Rana ta biyu bai koma ba.

Ranar Asabar ce kawai sunansa ke dawo masa. Da hantsi yakan tsallaka kogi zuwa Plumstead, shagon askin Zuberu, wani mutumin zangon Kumasi da ya kusa shekara talatin yana aski a unguwar. A shagon nan ba a rabuwa da gardamar ƙwallo, kuma in ta yi zafi Almu ake juyowa a kalla.

Wannan Asabar ɗin gardamar a kan masu horarwa ce, wa ya fi kowa a tarihi. Zuberu yana bayan tsohon nan na Manchester mai tauna cingam. Wani da ake yi wa aski ya dage a kan dogon Bafaranshen Arsenal da ya yi kakar wasa guda ba a doke shi a lig ba.

"Kofi shi ne magana," in ji Zuberu, da Hausarsa ta zango wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. "Mutum ya ɗauki lig sau goma sha uku. Me kuma kuke so?"

Aziz, direban tasi mai bin wasannin Amurka kamar can aka haife shi, ya girgiza kai.

"Ku Ingila kawai kuka sani. A Amurka an yi wani kocin ƙwallon kwando na jami'a da ya ci kofi goma cikin shekara goma sha biyu. Kuma shi ba ya sayen ɗan wasa. Yara su gama karatu su tafi, ya soma da wasu."

Almu ya gyara zama. Da ma wannan ƙofar yake jira a buɗe masa.

"Yanzu ka zo wajen, Aziz. Kocin ƙwararru ai ɗan cefane ne. A cika masa jaka da kuɗi, ya shiga kasuwa ya zaɓi nama mai kyau, ya ɗora tukunya, a yi ta tafa masa. Kocin jami'a shi ne ya yi kiwon dabbar tun ba ta iya tsayuwa ba. A ba ka yarinya da ba ta san ciki da wajen ƙafarta ba, ga karatu, ga yunwa, ga uba yana cewa ta daina. Ka mai da ita 'yar wasa cikin shekara huɗu, sannan wani mai kwat ya zo ya ɗauka. A tarihin da kuke karantawa sunan mai kwat ɗin za ku gani."

"To amma mai kwat ɗin shi ke shan kora in aka ci shi sau uku," in ji wanda ake yi wa aski.

"Ana korarsa da kuɗin da ni ban samu a shekara goma sha bakwai ba."

Aka yi dariya. Almu ya ji daɗi har cikin ransa. Nan ne Aziz ya zaro wayarsa.

"Af, Koci, ka ga hirar ɗiyarka kuwa? Kachollom ta yi ritaya. Jiya suka saka."

Kachollom ita ce ta fi kowa cikin duk waɗanda suka bi ta hannun Almu. 'Yar Jos ce, ta zo jami'a karatun lissafi, ta fita tana buga gefen hagu yadda ba a saba gani ba. Ta yi wasa a Sweden, ta yi a wata ƙasar, shekara ukunta na ƙarshe kuma a wani kulob ɗin mata na ƙwararru a gabashin London. Wanda ke horar da kulob ɗin shi ne Abdul-Razak, wanda ya yi wa Almu mataimaki shekara biyar a jami'a kafin ya zo Ingila, ya bi kwasakwasan nan ɗaya bayan ɗaya har ya kai inda ya kai.

Aziz ya ƙara sauti, aka taru a kansa. Da Turanci ake hirar. Can wajen ƙarshe mai tambayar ta ce mata, cikin duk waɗanda suka horar da ita wa ya fi. Kachollom ba ta ko tsaya tunani ba.

"Abdul-Razak," ta ce. "Kocina na jami'a shi ya koya mini ƙwallo, ba zan manta ba. Amma Abdul-Razak ne mutum na farko da ya so in wuce inda nake."

Aziz ya mai da wayarsa aljihu.

"Ai ya ambace ka, Koci," in ji Zuberu, yana nufin Kachollom. "Ya ce kocin jami'a."

"Ta ambace ni," Almu ya ce, ya yi murmushi. Ya ji murmushin yana jan fatar fuskarsa kamar ba tasa ba.

Kocina na jami'a. Ko sunan ba ta kira ba. Duk hanyar komawa Barking kalmomin nan ne ke masa yawo a kai. Ya tuna yadda Abdul-Razak ya zo masa, siriri, da takardar bautar ƙasa a hannu, bai san yadda ake shirya atisayen minti arba'in ba. Shi ya koya masa komai, har yadda ake magana da 'yar wasan da ta ɓarar da fenareti. Yau ga shi ana nuno shi a talabijin sanye da rigar kulob mai ɗauke da haruffan sunansa a ƙirji. Almu ya daɗe yana gaya wa kansa cewa sa'a ce kawai, da kuma haƙurin zama a aji da shi ba zai iya ba. Amma wannan hirar ta taɓa wani wuri dabam.

Akwai kuma abu ɗaya da bai so tunawa, sai ga shi ya faɗo masa a cikin jirgin ƙasa. A shekarar Kachollom ta ƙarshe wasiƙa ta zo ofishin wasanni daga wani kulob na Sweden, suna gayyatarta gwaji, kuma kwanakin sun faɗa daidai da gasar jami'o'i. Almu ya karanta, ya jefa ta a durowar teburinsa, ya ce sai bayan gasa. Aka ci kofi, lokacin gwajin ya wuce, bai sake ɗauko maganar ba. Bayan wata shida Kachollom ta tafi kulob ɗin nan dai, shi kuma ya ɗauka sun sake neman ta da kansu. Babu wanda ya san da wasiƙar, kuma ai abin bai hana ta komai ba. Haka ya sake gaya wa kansa, ya sauka a tasharsu.

Ya tarar da Anatu tana yanka alayyahu a kicin.

"Kachollom ta kira sau biyu," ta ce. "Za a yi mata walimar ban kwana Lahadin mako mai zuwa a zauren cocinsu, a Plumstead. Ta yi booking ɗin wurin tun wata biyu. Tana so ka yi jawabi."

"Ta sa Razak ya yi mata."

Anatu ta ajiye wuƙar ta dube shi.

"Ka ga hirar ke nan."

"Wace hira?"

"Malam, shekara talatin da biyu muna tare. Tun daga yadda ka rufe ƙofa na sani."

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce shi ba sunan ne ya dame shi ba, gaskiya ce ba a faɗa ba. Ya ce mutane ba su san wanda ya ga yarinyar nan tun tana buga ƙwallo da takalmin aro ba. Anatu ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji.

"Yaron nan duk Sallah sai ya zo gaishe ka," ta ce. "Har yau Maigida yake ce maka. Ko zama ba ya yi sai ka zauna."

"Shi ne abin da ke ba ni haushi."

Bai shirya faɗin wannan ba. Anatu ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka.

"In za ka je, ka je da alheri. In ba za ka iya ba, in ce mata ba ka da lafiya."

"Zan je," ya ce.

Kwana bakwai ya yi yana shirya jawabin a kansa, yana goge ƙasan ɗakin wasanni yana sake jera maganganun. Ba ƙarya zai yi ba. Duk abin da zai faɗa ya faru.

Ranar Lahadi da la'asar zauren ya cika. 'Yan Jos da kayansu masu ja da kore, 'yan wasan kulob ɗin, Turawa da baƙaƙe, sun haɗa tebur biyu suna ta hayaniya da dafa-duka a gabansu. Zuberu da Aziz suna can baya. Almu ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka. Yana shiga Abdul-Razak ya taso daga babban tebur, ya zo ya rusuna, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Maigida, barka da zuwa. Ga wurinka kusa da ni."

Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a gemu. 'Yan wasansa suna bin sa da ido duk inda ya yi, irin kallon da Almu ya sani sarai, domin an taɓa yi masa shi.

Aka ci abinci, aka nuna hotunan ƙwallayen da Kachollom ta ci. Sannan ta karɓi makirufo ta ce ga wanda ya fara sa mata ƙwallo a ƙafa, Baba Koci Almu Yelwa. Aka tafa. Ya miƙe.

Da Turanci ya yi, don kowa ya ji. Ya soma da kyau. Ya ba da labarin filin jami'a da babu ciyawa, da motar da ta taɓa mace musu a hanya suka tura ta da rigunan wasa a jikinsu. Mutane suka yi dariya. Sai ya zo kan ranar zaɓen 'yan wasa.

"Ran nan Kachollom ta zo da takalmin wata, ya yi mata yawa. Mai riƙe da takardar sunaye ya dube ta, ya ce mini, Maigida, wannan ko iska sai ta kayar da ita. Ya sa biro ya soke sunanta. Ni na ce ya mayar." Ya dubi jama'a. "Kwanan nan ina jin ana maganar kocin da ya fi kowa. Ni ba zan yi gardama ba. Ina so ne dai a san cewa wanda ya soke sunan nan yana zaune a nan, ga shi kusa da ni. Da an bi tasa, da yau babu wannan taron."

Wasu suka soma dariya, suka ga fuskarsa, suka fasa. Ya hango Anatu ta sunkuyar da kai. Zuberu yana kallon silin. Kachollom ta zuba masa ido ba ta ko ƙiftawa.

Abdul-Razak ne ya miƙe, yana dariya da gaske, ya miƙo hannu a ba shi makirufo.

"Maigida ya rufa mini asiri," ya ce. "Sau biyu na soke. Da ya juya baya na sake sokewa, ya kama ni." Zauren ya fashe da dariya. "Ku da nake horarwa, ku dubi mutumin nan da kyau. Duk abin da nake sa ku yi kuna ƙorafi, a wurinsa na sato. Atisayen ranar Talata da kuka tsana, nasa ne. In kuna da ƙara, ga shi nan." Ya juyo wajen Almu ya sa hannu a ƙirji. "Ni ban taɓa ganin mai idon gane ɗan wasa kamarsa ba, ba a nan ba, ba a can ba."

'Yan wasan suka miƙe suna tafi, sauran jama'a suka bi. Almu ya tsaya a tsakiyar tafin yana jin kunya da haushi a haɗe. Ya san ba shi ake tafa wa ba. Ana tafa wa mutumin da aka jefa da dutse ya cafe ya mai da shi kyauta. Ko a wannan ma Razak ya fi shi.

Da aka soma kiɗa ya sulale ya fita ta ƙofar gefe, wajen da ake jera kujerun da ba a buƙata. Bai daɗe ba Kachollom ta same shi, ta tuɓe dogayen takalmanta ta riƙe a hannu.

"Baba Koci, me ya kawo wannan?"

"Gaskiya na faɗa."

"Na sani. Ina wurin ai. Na ji shi da kunnena ranar." Ta jingina da bango. "Saboda hirar ce ko?"

"Shekara huɗu, Kachollom. Ƙafar hagun nan da ta kai ki Turai, wa ya tsaya da ke kullum bayan kowa ya tafi? Sai a tambaye ki, ki ce kocina na jami'a, kamar wani wanda kika manta sunansa."

"Da gangan na ƙi kiran sunan."

Ya ɗago ya dube ta.

"Don abin da zan faɗa bayansa. Ban so a haɗa sunanka da shi ba." Ta ajiye takalman a ƙasa. "Na san maganar wasiƙar Sweden, Baba."

Almu ya nemi ɗaya daga cikin kujerun ya zauna.

"Razak ya je neman makullin sito a durowarka, ya gan ta. Lokacin gwajin ya riga ya wuce. Ya kwafi adireshin, ya yi ta rubuta musu, wata huɗu yana zuwa shagon intanet, har suka yarda su sake ba ni dama. Sai da na sami biza ya gaya mini, kuma ya sa na yi alkawari ba zan taɓa yi maka maganar ba. Yau na karya alkawarin, kai ka ja."

"Kofin muke nema," in ji Almu, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba tare da ke ba da ba mu ci ba. Sauran yaran fa? Su ma shekara huɗu suka yi."

"Na sani. Da ka tambaye ni, wataƙila ma da na zauna na buga. Amma ba ka tambaye ni ba." Ta durƙusa a gabansa yadda take yi tun tana ɗaliba in yana mata faɗa. "Babu wanda ya fi ka sanin ƙwallo cikin duk waɗanda na gani. In wannan aka tambaye ni, kai zan ce. Amma wanda ya fi a wurina aka tambaya."

Bai ba ta haƙuri ba a lokacin. Abin da ya iya cewa kawai shi ne ta koma ciki, baƙinta suna jira. Ta taɓa gwiwarsa ta tafi.

Abin da ya fi ci masa rai a kwanakin da suka biyo baya ba wasiƙar ba ce. Shekarun nan ne da Razak ya yi yana zuwa gaisuwar Sallah, yana rusunawa, yana cin tuwon Anatu, alhali ya san wannan abu kuma bai taɓa ko nuna alama ba. Almu ya so a ce ya taɓa yi masa gori ko sau ɗaya, da ya sami abin riƙewa. Ya rubuta wa Kachollom saƙon ban haƙuri, gajere, ta amsa da cewa ya wuce. Razak kuwa bai iya rubuta masa komai ba.

Bayan mako uku kulob ɗin yana da wasa a gida. Razak ya aiko da tikiti biyu na wurin manyan baƙi, kamar yadda ya saba aikowa duk kaka, Almu kuma bai taɓa zuwa ba. Wannan karon ma ya bar su a kan firij. Amma da azahar ta yi ya sa rigar sanyi mai hula, ya ce wa Anatu zai ɗan zaga, ya je filin ya sayi tikitinsa da kansa, ya zauna a bayan raga cikin mutanen da ba su san shi ba.

Ya san abin da ya kawo shi, bai kuma yaudari kansa ba. So yake ya ga an ci Razak.

Aka kuwa ci shi. Ɗaya kafin hutu, ɗaya bayan an dawo. Da ta biyun ta shiga, wani daɗi ya taso wa Almu tun daga ciki, har sai da ya dafe bakinsa. Ya dubi Razak a bakin layi yana ta nuni da hannu, ruwan sama yana dukansa, wasu 'yan kallo suna masa ihu. Daɗin bai kai minti biyar ba ya lafa, domin idonsa ya riga ya shiga aikin da ya saba. 'Yan bayan Razak suna ja da baya da wuri, suna barin rami a tsakiya. Golar ba ta magana da kowa. Sannan ga mai lamba takwas, wata doguwar yarinya da aka sa a tsakiya tana ta wahala, alhali duk lokacin da ƙwallo ta kai ta gefen hagu sai jikinta ya saki kamar ta dawo gida. Ba 'yar tsakiya ba ce. Ya yi mamakin yadda mai takardun kwas har guda nawa ya kasa ganin wannan.

Yana tsaye a tasha yana jiran jirgin ƙasa na layin District, wayarsa ta yi ƙara.

"Maigida, na gan ka a bayan raga."

"Hanya ce ta biyo da ni."

"To Allah Ya sa ta riƙa biyowa." Muryar Razak a gajiye take. "Wasa huɗu ke nan ban ci ba. Masu kulob sun fara kirana taro. Don Allah me ka gani?"

Jirgi ya zo, ya buɗe ƙofofi, ya rufe, ya tafi ba tare da Almu ba.

Ya gaya masa maganar 'yan baya, dalla-dalla, har da atisayen da zai gyara ta. Ya gaya masa maganar gola. Yana jin Razak yana cewa ya ɗan dakata ya rubuta.

"Akwai wani abu kuma?"

Mai lamba takwas ta zo masa har bakin harshe.

"Shi ke nan abin da na gani," ya ce.

"Na gode, Maigida. Allah Ya ƙara girma."

A gida bai gaya wa Anatu inda ya je ba, ita ma da ta ga rigar a jiƙe ba ta tambaya ba. Mako biyu ya yi yana juya abin da ya riƙe. Wata rana ya ji kamar ya ɗauki waya ya faɗa, wata rana kuma ya ji daɗin cewa akwai abu ɗaya a duniya da ya sani wanda Razak bai sani ba.

Da wasan gida na gaba ya zo, ya koma kujerarsa ta bayan raga. 'Yan wasa suka fito suka jeru. Ya nemi mai lamba takwas a tsakiya bai gan ta ba. Tana can gefen hagu, tana tsalle tana ɗumama jiki a bakin layi.

Babu wanda ya gaya wa Razak. Da kansa ya gano.

Minti ashirin da fara wasa yarinyar ta karɓi ƙwallo, ta yanke 'yar baya, ta shigo ciki ta narka ta a kusurwa, daidai gaban inda Almu yake. Sai ganin kansa ya yi a tsaye, hannuwansa a sama, tare da kowa. Ya sauke su da sauri ya zauna. Wani dattijon Bature da ke gefensa ya dafa kafaɗarsa ya ce ai wannan kocin nasu ya san abin da yake yi, ya daɗe bai ga kamarsa ba.

"Ba laifi," in ji Almu. "Yana da saura."

Aka tashi biyu da nema, 'yan Razak ne da nasara. Bai jira kiran waya ba, ya kashe ta tun kafin ya fita daga filin. A bakin ƙofa ya tsaya wurin mai sayar da tikiti, ya tambaye ta ranar da za a yi wasan gida na gaba.